Ƙwaƙwalwa ba ta da mai ɗori

Iyayena da 'yan uwana na Aboabo, Asawase da Sabon Zango a Kumasi, assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma kullum da yamma ina ganin yaranmu a kan keke za su makaranta, suna kutsawa tsakanin motocin haya na trotro da pragya masu taya uku, kai a buɗe, ba hular kwano. Gabana faɗuwa yake yi.

Hannu in ya karye akwai mai ɗori. Ƙwaƙwalwa ba ta da shi. Laushi gare ta kamar awara, tana cikin ƙoƙon kai, in kai ya doki kwalta ko bakin kwalbati sai ta bugu da ƙashi daga ciki, jijiya ta fashe, jini ya taru. Na ga yaron da ya faɗi, ya miƙe yana kaɗe wandonsa, ya ci tuwon dare, da asuba aka kasa tashinsa. Ba mota ce ta buge shi ba, rami ne ya kama tayar gaba.

A nan hular kwano take aiki. Farin soson nan mai tauri da ke cikinta yana murƙushewa, ya shanye bugun kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Masu bincike a Ostireliya sun haɗa sakamakon nazari 40, suka gano tana rage haɗarin mummunan rauni a kai da kusan kashi 70 cikin 100. Amma kada in ruɗe ku. A Turai ana gwada ta ne da irin faɗuwar mai gudun kusan kilomita 20 a awa. Ba za ta tare tifa ba, ba ta kare ƙirji ko ƙafa. Birki mai kyau da fitila da daddare suna nan a matsayinsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hular da aka ɗora ba a ɗaure ba, domin ita ke fara tashi kafin mai ita ya kai ƙasa. Ta zauna daidai, ta rufe goshi, yatsu biyu kawai tsakaninta da gira. Igiyar ta kama ƙarƙashin haɓa, yatsa ɗaya ko biyu su shiga. Hijabi marar kauri ba ya hana ta zama. Hular masu gini kuwa ba ta keke ba ce.

In za ku sayi ta gwanjo a kasuwar Kejetia, ku juya ta ku duba soson. Da kun ga tsagewa ko lotsewa, ku ajiye. Wadda ta taɓa shan bugu ta gama aikinta, ko da bayanta na sheƙi.

Wanda ya bugu a kai, da hula ko babu, a sa masa ido kwana biyu. In ya yi ta amai, ko barci ya rinjaye shi, ko magana ta rikice, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, kada a tsaya shafa man zafi. A kira 112, ko a wuce da shi asibitin Komfo Anokye. In kuma a sume yake, kada a cicciɓe shi a jefa cikin aboboya, babur ɗin ɗaukar kaya, a riƙe kai da wuya kada su motsa har motar asibiti ta iso.