Furannin sakura da ɗumamar yanayi: amsoshi ga masu shirin tafiya Japan

Da zarar Janairu ya kama, masu niyyar zuwa kallon furannin sakura, wato furannin bishiyar ceri ta Japan, sai su dawo da tambayoyin da aka riga aka amsa bara. Ga su nan wuri guda, a karanta kafin a sake tambaya.

Da gaske ne furannin suna riga lokacinsu fitowa?

Da gaske ne. Birnin Kyoto yana da tarihin ranakun cikar furen, wato ranar da yawancin furannin suka gama buɗewa, tun ƙarni na 9, wanda masani Yasuyuki Aono ya tattara daga rubuce-rubucen fada da na wuraren ibada. A da, tsakiyar Afrilu ne lokacin cikar. Yanzu ya matso farkon watan, kuma a 2021 furen ya cika ranar 26 ga Maris, abin da ba a taɓa gani ba cikin shekaru sama da 1,200 kafin nan. Kwalta da gine-ginen birni suna da nasu kason a wannan zafi, sauran kuwa ɗumamar duniya ce.

To wace rana za su buɗe bana?

Babu mai iya faɗa muku a watan Janairu. Duk wanda ya yanke muku rana tikiti yake son sayarwa.

Kwana nawa suke yi?

Kimanin mako guda daga buɗewa zuwa cika, sannan kimanin wani makon kafin su kaɗe, idan ruwa da iska ba su gaggauta su ba.

Tunda duniya na ƙara zafi, ai sai in matso da tafiyata kawai, ko ba haka ba?

A nan ne mutane suke yin asarar kuɗinsu, saboda haka a natsu. Bishiyar tana bukatar abu biyu a jere: sanyin hunturu mai tsanani wanda zai farkar da tohon daga barcinsa, sannan ɗumin Fabrairu da Maris wanda zai buɗe shi. Idan hunturu bai yi sanyi sosai ba, tohon yakan makara, ya fito a warwatse, kamar yadda ake gani a Kagoshima da ke kudancin ƙasar. Idan kuma Maris ya zo da sanyi, lissafin duka ya rushe. A Tokyo, inda hukumar yanayi ta Japan take duba wata bishiya guda a harabar wurin ibada na Yasukuni, ta kuma sanar da buɗewa da zarar fure biyar ko shida sun fito, an yi sanarwar ranar 14 ga Maris a 2020 da 2021 da 2023. Mutane suka ɗauka abin ya zauna ke nan, suka kama masauki na tsakiyar Maris a 2024, sai furen bai buɗe ba sai ranar 29 ga watan. Da yawa sun je sun tarar da rassa tsirara.

Shawarata, wadda ba alkawari ba ce, ita ce wanda ke son Tokyo ko Kyoto ya sa tafiyarsa ta haɗa kwanakin ƙarshe na Maris da makon farko na Afrilu, domin a yawancin shekaru wannan tazarar takan riski furen, ko a farkonsa ko a ƙarshensa. Amma kada ya ɗaure kansa da gari ɗaya. Furen yana tasowa ne daga kudu ya nufi arewa, daga kwari ya hau tudu, don haka wanda ya makara a Tokyo yana iya hawa jirgin ƙasa ya bi shi, ya same shi a Hirosaki da ke arewa wajen ƙarshen Afrilu, ko a tsibirin Hokkaido har farkon Mayu, sai dai ya sani cewa daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu lokacin babban hutun Japanawa ne, masauki yana tsada kuma yana wuya. Dutsen Yoshino a Nara ma mafita ce, domin furen yana farawa daga gindinsa ya hau sama a hankali. A kama masaukin da ake iya sokewa ba tare da tara ba, ko da ya ɗan fi tsada. Na san mai neman biza daga Abuja ko Akra dole ne ya nuna ranakun tafiya tun da wuri, kuma ba ya da damar jiran hasashen Maris, wanda shi ne abin dogaro. Irin wannan matafiyi ya tsawaita kwanakinsa gwargwadon aljihunsa, ya bar tsakiyar tafiyar a buɗe.

Me ya sa duk bishiyoyin gari suke buɗewa lokaci guda?

Domin yawancinsu iri ɗaya ne, Somei Yoshino, kuma ta hanyar aure ake yaɗa su kamar yadda ake yi wa mangwaro, don haka halittarsu ɗaya ce, zafi yana taɓa su tare.

Idan na rasa su, tafiyar ta lalace ke nan?

A'a, ku kwantar da hankalinku. Akwai irin Kawazu mai fitowa tun Fabrairu, akwai kuma masu fure ninki-ninki da ke cika a tsakiyar Afrilu, waɗanda lambun Shinjuku Gyoen da ke Tokyo yake da su da yawa. A ganina sun fi cika ido, kuma cunkoson bai kai na makon farko ba.

Washinton fa, can ma haka abin yake?

Haka yake. Bishiyoyin can kyauta ce daga Tokyo a 1912, kimanin 3,000, kuma a 2024 sun cika ranar 17 ga Maris, a shekarar da na Tokyo suka makara. Kada a ɗauki hasashen wannan birni a auna wancan da shi.