Mai farfaɗiya a aji da wurin aiki: wa ya sani?

Idan mai farfaɗiya ya zo karɓar magani, nakan tambaye shi: "A makaranta ko a wurin aiki, wa ya san kana da wannan larurar?" Yawanci sai ya sunkuyar da kai ya ce babu kowa. Ba na ganin laifinsa. Wani tsoron kora yake ji, wata kuma gudun kada ƙawaye su daina zama kusa da ita. Amma ranar da ciwon zai tashi, waɗannan da aka ɓoye wa su ne a wurin, ba mu ma'aikatan lafiya ba.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Saƙonnin lantarkin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna ne suke rikicewa na ɗan lokaci. Tana iya biyo bayan wahalar haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, buguwa a kai ko shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci kuma ba a gano sanadi. Ba a ɗaukar ta daga yawu ko taɓa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace.

Ba kowace farfaɗiya ce ke kayar da mutum ba, malamai su lura da wannan. Akwai yarinyar da za ta tsaya cak tana cikin rubutu, ido a buɗe, daƙiƙa goma, sannan ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Hakan na iya faruwa sau da yawa a yini. Sai a ce ba ta mai da hankali, a yi ta yi mata faɗa, alhali likita take buƙata.

Idan mutum ya faɗi yana jijjiga, a duba agogo tukuna. A janye kujera da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Ba ya haɗiye harshensa, haƙora kawai za a karya. Kada a ɗura masa ruwa. Da jijjigar ta lafa, a juya shi ya kwanta ta gefe, a kori 'yan kallo, wani ya zauna da shi har ya dawo hayyacinsa. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko mai juna biyu ce, sai asibiti nan take.

Abin da masu farfaɗiya ke nema a wurin aiki bai taka kara ya karya ba: izinin zuwa ganin likita, da sauƙin aikin dare, tunda rashin barci na tayar da ita kamar yadda tsallake magani ke yi. Haka masu sikila, asma ko ciwon suga; fuskarsu ba ta nuna komai, shi ya sa ake ce musu ragwaye.

Kai kuma mai larurar, ba sai ka yi shela ba. Zaɓi mutum ɗaya da ka yarda da shi, malami ko abokin aiki, ka koya masa matakan nan. Ka riƙa yawo da 'yar takarda mai sunan maganinka da lambar wanda za a kira, kuma ko ka shekara ba ka faɗi ba, kada ka ajiye magani sai likita ya ce.