Mece ce na'urar tafiya cikin lokaci?

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure nan Daura, ya miƙo min wayarsa. Wani shuɗin akwati ne ke juyi a sararin samaniya. Ya ce, "Kawu, wai wannan jirgi ne ko ɗaki?"

Abin da ake kira na'urar tafiya cikin lokaci ke nan: abin hawa na ƙage wanda zai ɗauke ka daga yau ya sauke ka a shekaranjiya, ko shekara ɗari nan gaba, ko da ba ka gusa daga inda kake ba. Marubucin Ingila H. G. Wells ne ya yaɗa sunan a littafinsa na 1895. Tasa na'urar har sirdi gare ta, da sandunan ja, da ɗan ado na hauren giwa.

Akwatin da yaron ya nuna min kuwa TARDIS ne, na shirin Doctor Who da BBC ta fara a 1963. Kamanninsa na rumfar wayar 'yan sandan Birtaniya ne. A labarin, an ƙera shi don ya riƙa rikiɗa ya saje da duk inda ya sauka, sai dabarar ta lalace ya maƙale a wannan siffa. Daga waje mutum biyu ma sai sun matsu, amma ka buɗe ƙofa sai ga ɗakuna ba iyaka. Wannan bai ba ni mamaki sosai ba. Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramin zauren gidan gado a cikin gari, ya ɓulla tsakar gida mai sassa goma, ya san yadda abin yake.

Mai akwatin yana yawo da wata sukundireba mai ƙara da ke buɗe kusan kowane kwaɗo. Ni dai ragwancin marubuta nake gani a nan, kuma masu shirin ma sun gane, don a 1982 suka sa aka lalata ta, daga baya ta dawo. Amurkawa kuma mota suka zaɓa, DeLorean ta fim ɗin Back to the Future na 1985, wadda sai ta kai gudun mil 88 a awa take tsallaka zamani. Wasu direbobin tasharmu da tuni sun isa zamanin Shehu.

Zuwa gaba yana da ɗan tushe. Tun 1905 masanin kimiyya Albert Einstein ya nuna cewa agogon mai tsananin gudu yana jinkiri, kuma agogunan taurarin ɗan'adam na GPS sai an riƙa daidaita su da na ƙasa, in ba haka ba taswirar wayarka ta ɓatar da kai. Mu da muka tashi da labarin Ashabul Kahfi da barcinsu na shekara 309 ba baƙon tunani ba ne a wurinmu.

Komawa baya ne ke da ƙulli. Na ce wa yaron, a ce ka hau akwatin ka sauka bakin rijiyar Kusugu kwana ɗaya kafin Bayajidda, ka kashe macijin da kanka. Daurama ba za ta aure shi ba, ba a haifi Bawo ba, babu Hausa Bakwai yadda aka ba mu labari. To kai wa ya haife ka da har za ka je?

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, sai in tsaya daga nesa in ɗauki hoto kawai."