Ƙaurin baƙin mai a mota

Ƙaurin baƙin mai wari ne mai hawa kai da ke tashi idan man inji ya ɗiga a kan ƙarfe mai tsananin zafi, ko kuma ya kutsa cikin silinda ya ƙone tare da fetur ko dizal. Alama ce ta ɗayan abu biyu: ko mai na yoyo ta waje, ko inji na shan sa ta ciki. Rarrabe su shi ne tushen aikin makanike, domin na farkon sau da yawa roba ɗaya ce za a sauya, na biyun kuwa yakan kai ga sauke inji.

Yadda ƙaurin ke samuwa

Idan mota na tafiya lafiya, zafin baƙin mai yakan tsaya tsakanin digiri 90 zuwa 110 a ma'aunin Salshiyos, kuma sai ya haura digiri 200 tururinsa ke iya kama wuta. Bututun hayaƙi da ke manne da kan inji kuwa yakan wuce digiri 400. Saboda haka ɗigo biyu ko uku sun isa su cika mota da ƙauri, musamman idan an tsaya, iskar fanka ta ja shi zuwa wajen direba.

A Damagaram abubuwa da dama sun haɗu sun sa matsalar ta yawaita. Zafin bazara a watannin Afrilu da Mayu yakan zarce digiri 40, kuma zafi shi ne ke busar da robobin inji har su yi tauri su tsage. Yawancin motocin gari na hannu ne, da yawansu ta tashar ruwan Kwatano suka shigo da shekarunsu a ka. Ga doguwar tafiya: kusan kilomita 900 zuwa Yamai, kimanin 450 zuwa Agadas ta Tanut, inji na ta gudu sa'o'i ba hutu. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda idan matatar iska ta lalace sai ta shige cikin silinda ta riƙa cin ringi, wato zobban fistin da ke hana mai hawa inda wuta ke ci, a hankali.

Yoyon waje da shan mai

Wurin da ya fi yawan yoyo shi ne robar murfin saman inji. Tana can sama, bututun hayaƙi yana ƙasa da ita, don haka duk abin da ya tsiyayo a kansa yake sauka. Wani lokaci man kan taru a ramin fulogi, inji ya fara rawa. Bayan ita sai filtar mai da ba a ɗaure da kyau ba, ko wadda tsohuwar robarta ta maƙale aka ɗora sabuwa a kai, sai kusoshin juye, wato na ƙasan inji da ake kwancewa a zubar da tsohon mai, idan washarsa ta gaji, sai robobin gaba da bayan inji. Idan ƙaurin ya fara ne daga ranar da aka yi juye, a fara duba ko mai ya zube a jikin inji, ko an manta da rufe murfi, ko an cika shi fiye da kima.

Akwai wani ƙaramin bawul, PCV, da ke fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji. Ana yawan mantawa da shi, abin takaici kuwa, domin idan ya toshe iskar kan tura mai ta kowace kafa. Sai a sauya roba sau biyu sau uku, yoyo yana dawowa, alhali asalin cutar tana nan.

Shan mai na ciki hayaƙi ne ke tona shi. Shuɗin hayaƙi daga salansa da safe, wanda ke gushewa bayan ɗan lokaci, yana nuna robobin bawulolin da ke saman silinda sun gaji. Idan kuwa sai an taka mota yake turnuƙewa, zargi ya koma kan ringi, ko turbo a motar da ke da shi. Baƙin hayaƙi na yawan fetur ko dizal ne. Fari mai kauri mai ɗan zaƙi-zaƙi kuma ruwan lagireto ne ke shiga silinda.

Ganowa

Ana ajiye mota a wuri mai daidai, a kashe, a jira mai ya kwanta, sannan a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. A ƙananan motoci da yawa, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce. Kwali da aka shimfiɗa a ƙarƙashin mota ya kwana yakan nuna ta ina ake ɗiga, abin da yashi ke shanyewa ya ɓoye.

A nan ƙurar gari tana taimakon makanike. Duk inda mai ya jiƙa sai ta manne ta zama baƙin taɓo, sauran jikin inji kuwa ya yi fari fat. Sai dai mai gangara yake yi, iska kuma tana kora shi baya, don haka inda ya taru ba lallai nan ne bakin yoyon ba. Ƙwararre yakan wanke inji, ya bar shi ya bushe, a zaga da motar kaɗan, sannan ya bi jiƙar da tocila har wurin da ta fi tsawo. Idan waje a bushe yake amma mai na raguwa, sai a cire fulogi a duba ko bakinsu ya yi baƙi da maiƙo, a kuma auna matsin kowace silinda.

Ba kowane ƙauri ne na baƙin mai ba. Kuloci da birki da suka ɗau zafi suna da nasu, haka wayar wuta da ta narke, da man giya, da ledar da ta maƙale wa salansa a hanya.

Gyara da haɗari

Yoyon waje ana sauya robar da ta lalace, a kankare mazauninta tas, a ɗaure kusoshi daidai gwargwado, domin matsewa da yawa kan lanƙwasa murfi. Lafta gam a kan tsohuwar roba ba ya daɗewa, kuma ɓurɓushinsa na iya toshe hanyar mai. Ga injin da ke shan mai, wasu kan koma mai kauri irin 20W-50. Hayaƙi kan ɗan ragu, amma ringi bai warke ba, kuma injinan zamani da aka ƙera don mai marar kauri irin 5W-30 suna wahala da shi. A wuri mai ƙura da zafi, juye a kowane kilomita 5,000 tare da sabuwar filta shi ne abin da aka saba.

Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan take a kashe mota, domin inji ba mai yana iya ƙamewa cikin mintuna. Idan an ga harshen wuta, kowa ya fita, kada a wangale murfin gaba don iska tana ƙara ruruta ta. Ana kashe ta da tukunyar kashe gobara ko yashi, ba a watsa mata ruwa.