Kiɗan goge a ƙauyen Whitetop da ke kan duwatsun Amurka: tambayoyi da amsoshi

Ina ne Whitetop?

Ɗan ƙaramin ƙauye ne a gundumar Grayson da ke kudu maso yammacin jihar Bajiniya, kusa da iyakar Karolina ta Arewa, a cikin jerin duwatsun Apalashiya. Daga dutsen da ke kansa ya samo sunan. Mutanensa manoma ne, kuma yanzu da yawansu noman itacen Kirsimeti suke yi. Amma idan aka ambaci Whitetop a wajen masu kiɗa, goge ne ke fara faɗo musu a rai.

Wane irin kiɗa ne wannan da suke ce wa "kiɗan da"?

Kiɗan rawa ne na mutanen karkara, wanda ya girmi rediyo da faifan garmaho. Goge ne ke jan gaba, banjo na biye da shi, jita kuma daga baya ta shigo. Ba a rubuta shi a takarda. Yaro yana zama kusa da tsoho a barandar gida, ya kasa kunne, ya zuba wa yatsunsa ido, har abin ya zauna masa. Makaɗa kan zauna su yi da'ira, gwiwa na gogar gwiwa, su kama sauti guda su yi ta nanata shi tare, babu mai fita ya nuna gwaninta shi kaɗai. Nan ne ya sha bamban da salon kiɗan da ake kira bulugiras, wanda ya fito a shekarun 1940, inda kowa ke karɓar nasa zagayen. Mai rawa kuwa a kan katako yake yi, ƙafa ba ta nisa da ƙasa, ƙarar takalminsa ce gangar.

Da gaske ne banjo daga Afirka ya fito?

Ƙwarai kuwa. Gogen dai Turawan da suka yi ƙaura daga Ingila da Sikotlan da Ayalan da Jamus ne suka zo da shi. Banjo kuwa bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karibiyan da Amurka: ƙwarya ko duma, a rufe da fata, a zura sanda, a ɗaura tsirkiya. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko garaya ba sai an yi masa dogon bayani ba. Masana sun fi kamanta shi da akontin, abin kiɗan tsirkiya na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya, don yadda ake kaɗa su ɗaya ne: a lanƙwashe yatsu, a bugi tsirkiya da bayan farce, babban yatsa ya ɗauko 'yar gajeriyar tsirkiyar sama. Har yau haka ake kaɗa banjo a Whitetop.

Me ya fito da sunan ƙauyen?

Bikin kiɗan gargajiya da aka riƙa yi a saman dutsen daga 1931 zuwa 1939. A 1933 matar shugaban Amurka, Eleanor Roosevelt, ta hau da kanta, dubban mutane suka yi cincirindo. Sai dai bikin yana da tabo. Masu shirya shi, musamman John Powell, wanda bai ɓoye aƙidarsa ta fifikon farar fata ba, sun hana baƙaƙe hawa dandali, wai kiɗan gadon Turawa ne zalla. Ga kuma banjo a hannun makaɗansu! An ci tuwo an kori mai tuƙi.

To wa ya riƙe kiɗan bayan bikin ya mutu?

Sunan da kowa zai kawo maka shi ne Albert Hash, wanda ya rayu daga 1917 zuwa 1983. Tun yana ɗan shekara goma ya sassaƙa gogensa na farko, don babu kuɗin saye. Ya shahara a kiɗa da sassaƙa duka, kuma bai yi rowar sana'a ba. Gab da rasuwarsa ya fara koyar da yara a makarantar yankin, 'yarsa Audrey ta ɗora daga inda ya tsaya. A ganina wannan ajin ya fi bikin amfani nesa ba kusa ba. A wannan gundumar ne kuma Wayne Henderson yake, mai ƙera jita a ƙauyen Rugby, wanda har shahararren makaɗin jita Eric Clapton ya jira shekaru kafin tasa ta fito. Mai son ganin taron makaɗa sai ya nufi garin Galax a watan Agusta, inda ake gasar masu goge tun 1935.

Su duwatsun fa, ana hawansu?

Ana hawa. Dutsen Rogers ne mafi tsayi a duk Bajiniya, mita 1,746, Whitetop na bi masa da kusan mita 1,680. Abin dariyar shi ne, wanda ya sha wahalar hawa Rogers da ƙafa, idan ya kai ƙololuwa ba ya hango komai, don itatuwa sun rufe ko'ina, sai duhu da sanyi da gansakuka. Whitetop kuwa hanyar tsakuwa ta kai kusan samansa, mota ke kai ka, kuma gefensa fili ne na ciyawa fetal. Idan gari ya yi garau, daga nan kana hango duwatsun Karolina ta Arewa da na Tenesi. A kan hanyar Rogers, ta gandun Grayson Highlands, za ka ci karo da ƙananan dawakai suna kiwo sakaka. An hana ba su abinci, don suna cizo, suna kuma harbi.