Kayan ƙawa na ƙyallen felt

Kayan ƙawa na ƙyallen felt ƙananan abubuwa ne da ake yankawa a ɗinka da hannu daga ragowar yadi, domin a rataye su a ɗaki ko a ba da su kyauta a lokutan bukukuwa irin su Sallah da Kirsimeti da aure da suna. Ƙashin bayan sana'ar shi ne tattali, domin akasarin abin da ake aiki da shi guntaye ne da suka rage bayan an gama wani ɗinki, waɗanda da ba don haka ba shara za a zuba su.

Yadin da yadda ake samar da shi

Felt yadi ne da ba a saƙa shi. Ana shimfiɗa gashin tumaki da aka taje, a jiƙa shi da ruwan zafi da sabulu, sannan a riƙa murzawa ana dannewa har silallan gashin su sarƙe da juna su danƙare. Abin da ke sa hakan shi ne kowane silin ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, waɗanda zafi da danshi ke buɗewa, murza kuma ta sa su kama juna. Tun da babu zaren tsaye da na kwance a cikinsa, bakinsa ba ya warwarewa idan an yanka, saboda haka ba ya bukatar kalmasa, kuma ko guntun da bai wuce faɗin farce ba yana iya zama ido ko ganye a jikin wani ado.

Mafi yawan wanda ake sayarwa a yau na roba ne, wato akirilik ko foliyesta, wanda injina masu allurai ke cakuɗawa. Kaurinsa yakan kama daga milimita 1 zuwa 3.

Tarihi

Ana ɗaukar felt a cikin yadudduka mafi daɗewa da ɗan Adam ya sani, wasu masana ma suna ganin ya girmi saƙa, ko da yake ba a haɗu a kan lokacin fara yin sa ba. Shaidu mafi ƙarfi sun fito ne daga kaburburan Pazyryk da ke tsaunukan Altai a Saberiya, waɗanda ake kyautata zaton na tsakanin ƙarni na 5 da na 3 ne kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙanƙara ce ta adana kayan da ke ciki, har da labulayen bango masu hotunan mahaya da kayan dawaki da ƙananan tsuntsaye na felt da aka cusa wa abu a ciki, kuma ana ajiye da su a gidan tarihi na Hermitage a Rasha. Waɗannan tsuntsaye sun nuna cewa dabarar yanka gida biyu a ɗinke a cusa, wadda ake bi har yau, ta haura shekara 2,000. Makiyayan tsakiyar Asiya sun riƙe sana'ar, suna yin tantuna da dardumomi da ita, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sanya dardumomin felt na Kirgizistan cikin al'adun da ke bukatar kariyar gaggawa.

A Turai kuwa, an fi sanin felt wajen yin huluna, kafin ya shiga harkar kayan wasa. Margarete Steiff, wata maɗinkiya a garin Giengen na Jamus, ta buɗe shagon tufafin felt a 1877, sannan a 1880 ta ɗinka wata 'yar giwa domin a riƙa soka allurai a jikinta. Yara suka mayar da giwar abin wasa, daga nan kamfanin Steiff ya samo asali. A 1919 aka kafa kamfanin Lenci a birnin Turin na Italiya, wanda ya shahara da 'yartsana ta felt.

Al'adar ƙawata bishiyar Kirsimeti ta taso ne daga ƙasashen Jamusawa wajen ƙarni na 16, inda aka fara da tuffa da gyaɗar turawa da kayan zaƙi. Ta bazu a Ingila bayan wata jarida ta Landan ta buga zanen Sarauniya Victoria da iyalinta a gefen bishiyarsu a 1848. Ƙwallayen gilashi na garin Lauscha sun fito a tsakiyar ƙarni na 19, amma gidajen da ba su da halin saye sun ci gaba da yin nasu da takarda da tsumma, kuma wannan reshe na marasa ƙarfi yana cikin tushen sana'ar da ake magana a kai.

A ƙasar Hausa ba a san murza ulu a matsayin sana'a ba, kuma dalilin a fili yake, domin tumakinmu irin su 'yankasa da uda da balami gajeren gashi gare su wanda ba ya danƙarewa. An dai san yadin ta hanyar jar dara da fatake ke kawowa daga Arewacin Afirka. Dabarar liƙa yanki a kan yanki kuwa tsohuwa ce a wurin dukawa, waɗanda ke ɗora jar fata da koriya a kan jakunkuna da matasai.

Yadda ake yi

Kayan aikin ba su da yawa: almakashi mai kaifi, allura, zare, kwali, alli, gam da abin cusawa. Ana zana surar a kwali a yanke, a ɗora a kan ƙyalle biyu a fitar da su daidai wa daida. Duk wani ado na fuska, kamar duwatsu ko maɓalli ko surfani, ana yin sa ne kafin a haɗa gidajen biyu, domin ƙullin zare ya ɓuya a ciki. Daga nan sai a bi baki da ɗinki, a bar 'yar kafa da yatsa zai shiga, a tura auduga da tsinke har cikin kusurwoyi, a sa igiyar ratayewa, a rufe. Masu tattali ba sa sayen auduga. Suna daddatsa ƙananan guntayen da suka rage su cusa, wasu kuma suna amfani da audugar rimi. Aikin da aka yi da ɗinki ya fi na gam ƙarko nesa ba kusa ba.

A Legas

Felt ɗin da ake samu a Legas yawanci na shigowa ne daga waje, ana neman sa a wurin masu kayan ɗinki a manyan kasuwanni irin su Balogun da Idumota da Tejuosho. Abin da birnin ke da shi a wadace shi ne ragowar atamfa da shadda da leshi, waɗanda ke taruwa a ƙarƙashin keken teloli a unguwannin da Hausawa suka daɗe da zama kamar Agege da Idi-Araba da Obalende, musamman a makonnin da ke gaban Sallah. Atamfa tana warwarewa, don haka akan shimfiɗa ta a kan felt a ɗinke su tare, felt ya riƙe siffa, atamfa ta ba da launi. Da Sallah an fi yin jinjirin wata da tauraro da fitila, wadda aka aro daga al'adar azumi ta Masar, da Kirsimeti kuma ƙararrawa da bishiya da safa. Akwai saɓani tsakanin malamai game da surar abu mai rai, shi ya sa da yawa ke tsayawa a kan furanni da zayyana.

Danshin Legas babbar matsala ce ga ajiya. Idan aka adana kayan da sauran laima a lokacin damina sukan yi fumfuna, na ulu kuma asu yana cin sa, saboda haka ana shanya su su bushe sarai kafin a rufe a cikin roba mai murfi. Ba a wanke felt na ulu da ruwan zafi, domin yana tsukewa.