Ba yunwa ke kawo olsa ba fa

Tun muna yara ake ce mana wai zama da yunwa ko cin yaji ne ke kawo olsa, da mutum ya ce ƙirjinsa na zafi sai a ce maza a dama masa madara. Gaskiya ba haka abin yake ba.

Ciki dama kullum yana fitar da asid don narkar da abinci, amma akwai wani yauƙi da ya lulluɓe bangon tumbi yana kare shi. In wannan kariya ta lalace sai asid ya yi wa bangon rauni, shi ne olsa. Abu biyu suka fi lalata ta, ƙwayar cutar H. pylori da galibi ake ɗauka tun ƙuruciya, sai magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac da mutane ke saya a kemis suna afawa kullum in sun dawo aiki a gajiye, wani ma ko ruwan koko bai sha ba. Likitocin Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren ne suka gano ƙwayar cutar ta H. pylori, har Marshall ya sha ta da kansa a 1984 don a yarda tana kawo ciwon ciki, aka ba su kyautar Nobel a 2005.

Yunwa da yaji tayar da zafin kawai suke. Madara kuma ta ɗan kwantar, anjima ta sa asid ya ƙaru. Abin da ke damuna, mutum ya shekara yana shan omeprazole, maganin rage asid, alhali gwajin bahaya zai nuna ko akwai ƙwayar cutar, maganin sati biyu yakan kashe ta. In ka ga baƙin bahaya kamar kwalta ko aman jini, don Allah wuce asibiti nan take.